Bazarar da Na Riƙe wa Inna Buta

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Da hantsi ya ɗaga, ko tabarmar da ke ƙarƙashin itacen bedi ba ta zaunuwa sai an yayyafa mata ruwa. Yaran gidanmu suna ta ƙorafi, alhali da la'asar ana sayo masu ƙanƙara a shagon mai firigo, in an kawo wutar kuran kuma su baje gaban fanka. Ba na ce masu komai. Zafi zafi ne, kowa da irin fatarsa. Ni dai abin da na lura shi ne azumi ya gama zagayensa, ya dawo inda na taɓa gamuwa da shi shekara talatin da ƴan kai da suka wuce. Irin wannan ranar ce, da irin wannan iskar mai kama da hucin murhu.

A lokacin ban wuce shekara ashirin ba, ina gidan aurena a nan Madarunfa, a unguwar da ke gangarawa tabki. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki, abin da aka girba zangarniya ce ƙarama, rabi ido rabi ƙaiƙayi. Maigidana ya leƙa rumbu, ya ga in ya zauna bakinsa ma ƙari ne, sai ya bi ƴan cin rani ya ƙetara Najeriya. Gida ya rage daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ban haihu ba tukuna.

Inna doguwa ce, siririya, maganarta ba ta da yawa. Ita ke yi wa matan unguwarmu wankan gawa, aikin da ta gada wurin uwarta. In aka yi sallama a ƙofar gida da wata irin murya, ba ta tambayar ko lafiya. Mayafinta kawai take jawowa.

Ita ke shiga rumbu. Kowace safiya takan fito da abin da hannu zai iya runguma sau ɗaya, ta aje mani bakin turmi, ba ta ƙarawa ko da baƙo ya sauka. Ni ke sussuka, in sheƙe, in surfa. Dussar da a da muke zuba wa awaki, a shekarar shanya ta muke yi mu haɗa da gari. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka wadda ba ta san nama ba. Buɗa-baki kunun tsamiya, sai fura tsululu babu nono, don Fulani sun yi kudu da shanunsu tun da ciyawa ta ƙare. In wani ya dawo daga kasuwar Ɗan Issa da garin rogo, a jiƙa shi ya kumbura, ranar ce ciki ke sanin an sha ruwa. Akwai kuma anza, ƴaƴan wani ɗan itacen daji masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa su ana canza ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Kullum akwai tukunyar anza a bayan ɗakinmu.

Da an sallame asuba muke tafiya rijiya, don in rana ta fito guga laka yake ɗebowa. An ƙulla wa igiya ƙari, an sake ƙulla mata, har tafin hannu ya yi kanta. Tare muke tafiya da Hajo, maƙwabciyata wadda darni ɗaya ya raba mu. Tsarata ce, amma ta riga ni haihuwa, tana goye da ɗiyarta Sa'a wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Nata mijin ma yana wurin cin rani. Hajo ba ta iya shiru ba ko da azumi. Tun daga gida har rijiya tana tsara abin da za ta shuka a gamanarta, ƴar gonar da mijinta ya yankar mata: gyaɗa a tudu, wake a gangare, kuɓewa a gindin gawo.

"Ke bakinki ba ya bushewa?" nakan ce mata.

"In na yi shiru ne nake jin ƙishi," in ji ta.

Tabkin kansa ya ja da baya, ya bar fili duk tsaga, wanda mutum zai yi ta tafiya a kai kafin ya taɓa ruwa. Masunta sun jingine taru sun koma tonon gaiwa a cikin busasshiyar laka. Da azahar gari yakan mutu. Kaji su buɗe baki a gindin randa, jakuna su tsaya kai a sunkuye, ko ƙuda ba sa korewa. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin mu juya ya bushe. Wani yammacin hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallo, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma ɗaki da ƙasa a haƙora.

Cikin wannan hali sanƙarau ya shigo. An fara jin labarinsa daga wajen garin Gabi, kafin azumi ya raba tsakiya ya iso mamu. Yana farawa da ciwon kai da zazzaɓi, sai haske ya zama abokin gaba, sai wuya ya sandare, mutum ya kasa duban ƙirjinsa. Wani ya yi kwanaki, wani ko kwana ba ya yi. Yara ya fi ɗauka, da matasa irinmu. Tsofaffi yakan ƙetare su kamar bai gan su ba.

Maza kaɗan suka rage a gari, yawancinsu masu furfura. Su ke haƙa kabari da azumi a bakinsu, ƙasa kuwa ta yi tauri kamar dutse, sai an kwarara mata ruwa an jira ta sha kafin diga ya shige ta. Suna karɓa-karɓa, wannan ya sara ya fito ya zauna, wancan ya shiga. Mu mata kowane gida yakan aika da ɗan abin da ya samu gidan rasuwa, ko cikin tafi ne na gari, don a dama wa masu zaman makoki abin buɗa-baki.

Matar da ta saba zuba wa Inna ruwa wurin wanka ta tafi Safo jinyar jikanta. Ranar da aka yi sallama bayan tafiyarta, Inna ta jawo mayafi, ta tsaya tana dubana.

"Dije, ɗauko buta ki biyo ni."

"Inna, ban taɓa ganin gawa ba."

"Ni ma akwai ranar da ban taɓa gani ba. Ki tsinko ganyen magarya a hanya."

Muna tafiya tana gaya mani yadda ake yi. A kan ƙyaure ake kwantar da mamaciya, a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Ba a yaye zane. Mai wanka takan naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi mata alwala, sannan ta fara da dama. Ruwan ƙarshe shi ake sa wa kafur.

"Ki zuba a hankali, kada ki kwara kamar mai wanke turmi. Kunyar da take ji jiya, yau ma tana nan. Abin da idonki ya gani a jikinta kuma, tare da ita ake rufe shi. Ko mijinki ba ya ji."

Har yau ina kan wannan, don haka ba zan faɗi komai game da jikin kowa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ɗakunan.

Ni ake aikawa ɗakin mamaciya in nemo zanen rufi ko turare. A ɗaki na farko na tarar da wake a jiƙe cikin ƙwarya, ya kumbura har ya ɗaga faifan da aka rufe shi da shi. Ƙosan buɗa-baki ta yi niyya. A wani ɗakin tabarma ce ake saƙa, an kai rabi, kabar tana jiƙe a gefe. A wani kuma garin lalle ne, an daka an tankaɗe, an ƙulle a ƙyalle ana jiran salla. Ban shiga ɗakin da aka kammala komai ba. Waɗannan mata kuwa duk sun san ana mutuwa. Sun ji koke-koke ta bayan darni, wasunsu ma ba su daɗe da dawowa daga gaisuwar rasuwa ba, inda suka ce mutuwa rigar kowa, kamar yadda kowa ke cewa.

Na saba da aikin fiye da yadda na zata. Abin da ya fi damuna ƙishi ne. Ina zuba ruwa mai sanyi da ƙamshin magarya a kan wadda ba ta jin ƙishi, maƙogwarona yana ƙuna.

Sai farin yadi ya ƙare a gari. Mai sayar da shi ya ce sai an je Maradi ko Ɗan Issa, gawa kuwa a wannan zafi ba ta jiran mota. Ranar matar wani masunci ce ta rasu, gidan babu ko zanen kirki. Inna ta ce mu biya gidan Gwaggo Mairo.

Gwaggo Mairo tsohuwa ce tukuf, duk unguwa gwaggo ake ce mata. Shekara da shekaru tana shelar mutuwarta. In ka gaishe ta da damina ta ce ba za ta ga kaka ba, in ka gaishe ta da kaka ta ce sanyin bana shi zai tafi da ita. Ta daɗe da tanadar likkafaninta, yana cikin tukunya tare da ƙullin kafur, lokaci-lokaci ta fito da shi ta shanya kada gara ta ci. Mun same ta a ƙofar ɗaki tana jan tasbaha.

"Gwaggo, ina wuni? Ya azumi?" in ji Inna.

"Azumin bankwana, ɗiyata. Ranar salla sai dai ku ci tuwo ku yi mani addu'a."

Inna ta gaya mata abin da ya kawo mu. Gwaggo ta daina jan tasbaha. Ta rarrafa cikin ɗaki ta fito da yadin, fari fat, yana ƙamshi. Ta miƙo, amma ba ta saki ba.

"Aro ne fa, ba kyauta ba."

"Aro ne, Gwaggo."

"Ku gaya wa masuncin ya mayar mani da irinsa, mai kauri, kada ya kawo mani shara-shara. Ba matsa mashi nake ba. In ya kai bayan kaka, sa'ad da kifi ya dawo, babu komai."

Muka yi godiya muka fito. Sai da muka sha kwana na ga kafaɗun Inna suna motsi a ƙarƙashin mayafi. Wannan karon ne kawai na ga ta yi dariya a duk watan.

"Bayan kaka," ta ce, ta goge ido da gefen mayafi, muka wuce gidan rasuwa.

Azumi ya shiga goman ƙarshe sa'ad da Hajo ba ta fito rijiya ba. Na leƙa ta kan darni na ganta kwance ta rufe fuska da zane, Sa'a tana jan ƙafarta. Washegari ni ma na sunkuya zan ɗauki tulu, na ji kamar an buga mani taɓarya a ƙeya. Kafin azahar ba na iya duban ƙofa saboda haske. Inna ta sa hannu a ƙarƙashin kaina ta gwada ɗagawa, wuyan ya ƙi. Ta fita ta nemo mai amalanken jaki, aka bar Sa'a wurin kakarta, aka shimfiɗa mu ni da Hajo gefe da gefe, aka nufi likita, wato asibiti. Duk ramin da amalanken ya faɗa, a tsakiyar kaina nake jin sa.

Ɗakunan likita sun cika, an kakkafa rumfunan zana a ƙarƙashin itatuwa, marasa lafiya jere a tabarmi. Lokotoro mai duba marasa lafiya ya zo, idanunsa jajur don rashin barci, ya yi mamu wata allura mai kauri kamar man gyaɗa, ya ce wa Inna saura na Allah. Inna ta zauna tsakanin tabarmata da ta Hajo tana yi mamu fifita da faifai, ta yi wa wannan, ta juya ta yi wa wannan.

Abin da ke cikin kaina a rumfar nan na sha juya shi. Babu wadda ta kai ni sanin abin da ke gabana. Na ga inda ciwon yake kai mutane, ni na riƙe masu buta. Na kuma ga Inna ta dube ni daga kai zuwa ƙafa, irin duban da take yi in tana auna yadi da ido, na gane duban sarai. Da ciwon ya tsananta ta sunkuyo ta fara laƙana mani kalmar shahada, ina binta. Da an tambaye ni a lokacin, da na ce e, tafiya zan yi.

Amma can ciki, a wurin da mutum yake zaune shi kaɗai, ba haka ba ne. Ina bin Inna da baki, zuciyata tana kan tukunyar anza da ke bayan ɗaki. Ba a canza mata ruwa ba, za ta yi tsami, wahalar kwanaki ta tashi a banza. Abin ya tsaya mani a rai har na katse shahadar.

"Inna, anza."

"Me kika ce?"

"Ba a canza ruwan anza ba."

"Bar zancen anza, Dije. Ce la'ilaha illallahu."

Na faɗa, amma ina jin haushinta, don na san in ta lalace ni ce zan koma daji tsinko wata. Mutuwa tana cikin rumfar, ina jin ta kamar yadda ake jin mutum ya shigo ɗaki ko da ido a rufe. Sai dai a raina wurin wani ta zo.

Hajo ce ta sa na yi zaton akwai mai sani. Wata rana da hantsi, ban riƙe ko kwananmu nawa ba, hankalinta ya dawo tas. Ta kira sunana da muryarta ta kullum. Ba mu iya juyawa mu dubi juna, kowa tana kallon zanan rumfa.

"Dije, kina jina?"

"Ina jinki."

"Ni ba tashi zan yi ba. Kada ki ce mani komai, na ji a jikina. Sa'a nake so ki riƙe. Kakarta ta tsufa, ubanta kuma ba mazauni ba ne. Inna, ki zama shaida."

"Na ji, Hajo," in ji Inna. "Allah ya ba ki lafiya ki riƙe abarki."

Hajo ba ta bi ta kan wannan ba.

"Ba ta son kunu da zafi, sai an fifita. In tana kuka ba kullum yunwa ba ce, wani lokaci goyo take so. Irin gyaɗata yana cikin tulu a ƙarƙashin gado, ki shuka, kada a cinye. Ku yafe mani."

Muka yafi juna. Ba ta yi kuka ba, muryarta ba ta yi rawa ba. Inna da ta ga mutuwa iri-iri ta ce daga baya ba ta cika ganin wadda ta haɗa kayanta tsaf haka ba. Na kwanta ina cewa a raina, to, ga wadda ta sani.

Da rana ta take, Inna ta tallabo ta za ta ba ta ruwa. Hajo ta datse haƙora.

"Azumi nake."

"Babu azumi a kan mara lafiya, ɗiyata. Sha."

"Saura kaɗan, Inna. Kada in ɓata shi in zo ina ramuwa da damina, ga noma." Can ta ce, "Dije, zan ɗan runtsa. In ladan ya kira ki tashe ni."

Kafin la'asar Inna ta daina fifita ta wancan gefen. Ta miƙa hannu ta shafe mata ido, ta ja zane. Da aka zo ɗaukarta, Inna ta bi su don ta yi mata wanka, wata mata daga rumfar gaba ta zauna da ni. Ban san wadda ta riƙe buta ba.

Har yau ban san wace Hajo zan gaskata ba, ta hantsi wadda ta raba kayanta, ko ta azahar wadda ke gudun ramuwa da damina. A ganina duka biyun da hankalinta ta yi maganar. Nakan ce watakila sanin yana zuwa ne kamar walƙiya, ya haska fili gaba ɗaya mutum ya ga komai, sannan ya ɗauke, mutum ya ci gaba da bin hanyar da ƙafarsa ta saba.

Ni ciwon ya sake ni a hankali. Salla ta zo ta wuce ina kwance, na ji kiɗa daga nesa da kunne ɗaya, don na hagu tafiyarsa ke nan, bai dawo ba. Da aka mai da ni gida ƙafafuna kamar sillen kara, sai na dafa bango nake zuwa bayan ɗaki. Anza ta lalace, Inna ta zubar. Bayan addu'ar arba'in ta shiga gidan su Hajo ta faɗi abin da aka sa ta shaida. Kakar yarinyar ta yi kuka, ta ce sai uban ya dawo. Da ya dawo ya saurara, kansa a ƙasa, ya ce maganar mamaci ba a taka ta. Aka miƙo mani Sa'a ta kan darni, da ƴan rigunanta a ƙulle da tulun gyaɗa.

Maigidana ya dawo cikin ayarin ƴan cin rani da buhun masara, ya rame, ya tarar da ni na fi shi ramewa. Sanƙarau yakan tafi da ruwan farko, haka kuwa ya yi. Ruwan ya zo da yamma. Iska ta fara, muka ɗauka irin ta kullum ce, sai muka ji ɗigo yana faɗuwa a kan zana kamar ana jifa da tsakuwa. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, randa da tulu da ƙwarya har da turmi. Inna ta tsaya a tsakar gida ba ta nemi mafaka ba, ruwa yana bin zanenta. Washegari gari duka ya fita shuka, da mai ƙarfi da wanda ya tashi daga ciwo. Gonaki da yawa an rasa mai bin rami, maƙwabta suka rarraba kansu, in an gama nan a wuce can.

A gonarmu maigidana yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna biye, kowa da ƙoƙon iri, mu jefa mu rufe da diddige. Sa'a tana bayana, nauyinta ya fi ƙarfina, amma in na sauke ta kuka take. Ƙasa tana da sanyi a tafin ƙafa, abin da na manta akwai shi. Da ya yi mamu nisa, na yi tambayar da ke cina tun rumfa. Ba a cika yi wa suruka irin wannan tambaya ba, amma buta ta rage kunyar da ke tsakaninmu.

"Inna, ke da kika wanke mutane haka, kin san za ki mutu?"

Ta jefa iri ta rufe, ta jefa ta rufe.

"Wace irin tambaya ce wannan? Wane musulmi ne bai sani ba?"

"Ba sanin baki ba, Inna. Na ciki."

Ta ci gaba da bin ramuka, har na ɗauka na ɓata mata rai. Sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Na sha gwadawa. In na dawo daga wanka nakan kwanta in ce, to, ga ni a kan ƙyaure, an rufe ni da zane. Ina ganin komai, ga magarya, ga buta, ga ki kin durƙusa. Amma in na duba da kyau, sai in ga ni ba a kan ƙyauren nake ba. Ina tsaye a bayanki, ina duba ko kin fara da dama."

Ta sake jefa iri.

"Wadda ke kwancen ban taɓa iya shiga jikinta ba. Ina jin Allah ne ya rufe mamu wannan ƙofar. In ba haka ba, wa zai fito shuka? Koma baya, kin tsallake rami."

Damina ta yi kyau a shekarar. Gyaɗar Hajo ta yi ƴaƴa, na riƙa ware iri daga cikinta shekara bayan shekara. Sa'a ta girma a hannuna tare da waɗanda na haifa daga baya, yanzu tana aure a Safo. Gwaggo Mairo ta karɓi yadinta bayan kaka, ta murza shi da yatsu ta ce bai kai nata kauri ba. Ta ƙara shekaru kafin a buƙace shi.

Yanzu ana zuwa da allurar rigakafi kafin zafi ya kankama, akwai famfo a bakin unguwa, farin yadi kuma ba ya ƙarewa a kasuwa. Ni ake kira in an yi rasuwar mace, yawanci ta wayar talho, ba a cika zuwa ƙofar gida ba. Ɗakunan ne ba su canza ba. Har yanzu ban shiga wanda aka kammala komai ba.

Ita Inna wata kaka ta rasu, shekaru da yawa bayan waccan bazara, da hantsi, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta jingina da turmi kamar mai hutawa, ƙwarya a cinyarta. Ni na yi mata wanka, ƙanwar maigidana ta riƙe buta. Na naɗe hannuna da ƙyalle, na yi bisimilla, na yi mata alwala, na fara da dama. Da muka kai ruwan ƙarshe mai kafur sai na tsaya, hannuna a kan zanen, ina sauraren bayana.

"Yaya, in zuba?" in ji mai buta.

Na ce ta zuba. Muka gama, muka naɗe ta, maza suka yi sallama suka shigo da makara. Babu wanda ya gyara mani komai.